Girgiza Dala, Akwatin Injiniya Nata'ala

Duk Dala, kai har ka gangara Jakara, babu mai ilimin sauti kamar maƙwabcinmu Injiniya Nata'ala. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma ya faɗa sau da yawa. Asalinsa gyaran rediyo yake yi a 'yar rumfa. Amma tun ranar da ya taɓa lasifikar masallacin lungunmu, ta daina kukan kyanwa ta koma kukan akuya, ya hana kowa ce masa Malam, in ban da matarsa. Injiniya kawai. Ko gaisuwar mutuwa zai je, da sukurdireba a aljihun gaba, da tef ɗin awo a ƙugu. Mu dai a bayan idonsa Sarkin Dum muke ce masa, don girmamawa.

Shekarun nan Kano ba ta da daɗi. Sojoji sun jera buhunan yashi a kowace mahaɗa. Ƙarfe shida na yamma kowa ya shige gida, wanda aka kama a waje ya sha tsallen kwaɗo. Biki ya koma na rana, a fara bayan azahar a watse da wuri. In tayar mota ta fashe, sai ka ga mai tsire ya bar tsirensa ya arce. To a daidai wannan lokaci ne Allah ya ba Injiniya basirar ƙera akwatin kiɗan da zai riƙa yin dum kamar ƙasa za ta tsage. Ka ji mutum mai sanin abin da gari yake bukata.

Dalili kuwa ya samu. Hajiya Uwani ta Koki, yayar matarsa Ladi, za ta yi bikin autarta. Aka ɗora wa Ladi wainar yinin biki da miyar taushe, na mata wajen ɗari. Shi kuma Injiniya ya ɗora wa kansa kiɗa, ba tare da ya wahalar da kowa ya roƙe shi ba.

Da yamma ya zo dakalinmu da takarda ya buɗe makaranta.

"Abin da kuke gani wajen masu kiɗan haya ba akwati ba ne, kwali ne. A huda katako, a manna sifika, shi ke nan. Nawa ƙaho ne! Sifika tana can baya a ɓoye, tana hura iska cikin ɗan maƙogwaro. Daga nan hanya ta riƙa buɗewa, ta lanƙwashe, ta ƙara buɗewa, ta sake lanƙwashewa, har sau huɗu, sannan ta fito ta ƙaton baki. Ƙafa goma sha biyu na hanya na naɗe a ciki kamar hanjin rago. Bes, wato dum ɗin nan, ba ya son gajeriyar hanya. Kuma ba da kunne ake jin sa ba, da ƙirji. Duk ƙasar nan, kafin ka sami wanda ya san lanƙwasa kamar ni, sai ka shiga jirgi."

Muka ce Allah ya ƙara basira. Sai Ilu kafinta, wanda rumfarsa take bakin lungu, ya ce, "Injiniya, a ina za ka haɗa shi?"

"A tsakar gidana mana. In yi a waje a sace mini fasaha?"

"To ka auna soro?"

Injiniya ya zaro tef ya sake shi ya koma da ƙara, ƙarat! "Ƙofa na auna ta sau uku. Akwati zai wuce har da ragowar yatsa biyu."

"Ni dai soro na ce."

"Ilu," in ji Injiniya cikin tausayawa, "kai kujerar tsuguno ka iya. Ka riƙe ta, sana'a ce."

Sati uku lungunmu bai huta ba. Buga, yanka, buga. Ladi ta kwance igiyar shanya, ta mai da murhu bakin makewayi, saboda akwati ya ci tsakar gida. Ya sha gam, ya sha ƙusa, ya sha baƙin fenti. A goshinsa aka rubuta GIRGIZA DALA da jan launi. Wanda duk ya shiga gani sai ya cire hula, don in ya ɗaga kai faɗuwa za ta yi.

Ranar biki da hantsi aka kawo 'yan dako huɗu daga kasuwar Kurmi, Sabo ne babbansu. Injiniya ya kwance sifikar don a rage nauyi, aka bar rami a bayan akwatin kamar faɗin faifai. Ladi ta fito cikin ankonta, kulolin waina a jere, tukunyar miya tana huci.

"Malam, bari a fara fitar da abincin nan."

"Waina ta bi bayan fasaha," in ji shi.

Aka ɗaura igiya. 'Yan dako suna gaba suna ja, Injiniya yana baya yana aikin da ya fi wuya, wato ba da umarni. Ƙofar ciki kuwa akwati ya shige ta sumul, har da ragowar yatsa biyun nan. Injiniya ya ce a shaida.

Sai dai kowa ya san yadda kakanninmu suke gina soro. Ƙofar ciki da ta waje ba sa kallon juna, don kada mai wucewa ya hango matan gida. Dole ka yi kwana. Shekara arba'in da ɗoriya Injiniya yana yin wannan kwanar safe da yamma, har da lalube in babu wuta. Mutumin da ya naɗe lanƙwasa huɗu a cikin akwati, ya manta da guda ɗaya da kakansa ya bar masa gado.

"Ku karkata shi digiri talatin!"

"Injiniya, mu ba mu da digiri," in ji Sabo, "ƙarfi muke da shi."

"To ku sa shi!"

Suka sa. Ƙasa ta zubo daga bango. Bakin akwati ya cushe a ƙofar waje, gindinsa ya cije a ƙofar ciki. Ba gaba ba baya. 'Yan dako a titi, Injiniya da Ladi da waina a gida.

Aka yi azahar. Injiniya yana can yana lissafi a bango da gawayi. Aka kawo tsani, Ladi ta ce ita ba za ta haura katanga da leshi ba, unguwa tana kallo, tukunyar miya kuma ba ta iya tsani ba. Aka yi la'asar. Hajiya Uwani ta kira waya sau biyar. A na biyar Ladi ta buɗe muryar wayar ta kanga wa mijinta a kunne, ya ji yadda mata ɗari suke yi in sun wuni da yunwa.

Lungu ya cika maƙil. Ilu ya jawo benci ya zauna gaban bakin akwatin, zarto a cinya, yana ɓare gyaɗa. Muka ce ya taimaka.

"Ni? Kujerar tsuguno na iya. Sai dai in Injiniya ne ya kira ni da bakinsa."

Daga ciki muna jiyo Ladi. "Malam, biyar saura kwata. Shida za a rufe gari. Wallahi in wainar nan ta kwana a gidan nan, kai za ka je gaban Yaya da ƙawayenta ka yi musu bayanin hanjin ragon."

Babban mutum ba ya ɗaga murya ya roƙi kafinta a gaban jama'a. Sai Injiniya ya yi dabara irin ta masu ilimi. Ya durƙusa, ya cusa bakinsa cikin ramin nan na baya, daidai maƙogwaro, don ya yi wa Ilu raɗa su biyu.

Jama'a, akwatin nan yana aiki.

"ILU!"

Tattabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Wani mai rake ya zubar da wuƙa ya kai ƙarshen lungu kafin ya waiwayo. Ni kaina a ƙirji na ji, kamar yadda aka yi mana alkawari.

"ILU, ƊAN'UWANA, KA RUFA MINI ASIRI. KAWO ZARTON NAN."

Mutane suka toshe baki da hula. Shi kuwa daga baya bai san abin da yake fita ta gaba ba.

"KADA KOWA YA JI. IN AN TAMBAYA, KA CE KAI KA ROƘE NI IN BARI KA GWADA."

Ilu ya karkaɗe ɓawon gyaɗa, ya sunkuya ya ce, "To Injiniya, ba wanda zai ji." Nan ne Sabo ya zauna a ƙasa don dariya.

Minti ashirin Girgiza Dala ya zama falle-falle. Ladi ta tsallake katakon ba ta ko dubi mai shi ba, aka cusa kuloli a adaidaita sahu. Biyar da kwata waina ta isa Koki, ta huce amma ta isa. Kiɗa kuwa da 'yar lasifikar wani mai tallan maganin basir aka yi shi, mata suka taka na ɗan lokaci, kowa ta ruga gida kafin shida.

Washegari muna zaton zai ɓuya. Ina! Sai ga shi a dakali, tef a ƙugu.

"Kun dai ji da kunnenku. Babu wuta, babu amfilifaya, babu ma sifika. Wa ya taɓa ƙera irin wannan?"

Muka ce gaskiya babu. Muka ce ba mu rasa ko kalma ɗaya ba.

Katakon bai tashi a banza ba. Ilu ya fitar da kujerun tsuguno shida, ya aika wa Injiniya ɗaya kyauta, wadda ta fito daga gefen rubutun goshi. GIRGIZA ya tafi a wata kujerar, DALA a wata. Tasa ba ta samu komai ba sai ɗan jan fenti a gefe. A kanta yake zaune yanzu, yana gyaran rediyo.