Jatau da Daɓen Katako

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, Jatau ya tare a ɗakin sama na tsohon benen da muke haya kusa da tashar jirgi. Ya zo daga ƙauye da matarsa Larai, da surukarsa Iya Kande mai tari, da turmi guda. Daɓen saman na katako ne tun zamanin kamfani, ko kyanwa ta taka sai na ƙasa ya ji. Na ƙasan kuwa Malam Habila ne, tsohon malamin asibiti, wanda ko gaishe shi ka yi sai ya kwana yana tunanin abin da kake nufi. Ni ɗakina na gefen nasa. Jatau ba shi da wani wurin zuwa, don ya sayar da gonarsa kafin ya taso.

Wata rana Malam Habila ya tare shi a matakala, ya ce, "Kai Jatau, kada in ƙara jin ƙafarka a bisa kaina." Jatau ya ce, "To, Baba." Daga ranar shi da Larai suka koma jan gindi daga gado zuwa ƙofa, ƙafafu a sama. Malam Habila ya kira ni, ya nuna silin, ya ce a hankali, "Ka ji? Buhuna suke ja. Wa ya ga shigowar buhunan nan?"

Wata rana Larai na daka, ƙura na zubo wa Malam Habila a shayi. Ya ce wa Jatau, "Duk sa'ad da za a buga taɓaryar nan, a sanar da ni tukuna." Washegari Jatau ya sauko da gudu, ya ce, "Baba, za a buga." Ya hau, aka buga sau ɗaya, ya sake saukowa. "Baba, za a ƙara." Ba a ci tuwo a ɗakinsu ba sai bayan magariba. Malam Habila ya ce wannan leƙen asiri ne, ana son a san inda yake ajiye kayansa.

Wata rana na ji tausayin Jatau, na ce ya nemi katifu ya rufe daɓen duka, kada ya bar ko tafin hannu. Ranar Asabar ce, 'yan haya sun shanya katifunsu a tsakar gida. Jatau ya nema, ya kuwa samu. Da yamma da 'yan haya suka rasa katifunsu, mai ɗinki ta zargi mai gyaran agogo, mai gyaran agogo ya zargi direba, aka daina gaisawa. Sama kuma ta yi tsit, don katifun sun tokare ƙofa, Jatau da iyalinsa sun kasa fita. Malam Habila bai ji daɗin shirun ba. Ya ce, "Da suna ƙara na san inda suke. Yanzu me suke ƙullawa?"

Maganar ta kai ga Alhaji Sambo, wakilin mai gida. Ya zo ya sa aka mayar da katifu, ya ce, "Jatau, kafin Juma'a ka fitar da duk abin da ke ƙara a ɗakin nan. In ba haka ba, kai za ka fita." Jatau ya sauko da turmi, da kwanuka, da rediyo, da gado. Ya goyo Iya Kande ya ajiye ta a gindin mangwaro. Ta ce, "Ɗan nan, ni ma kaya ce?" Ya ce, "Tari kike yi, Iya." Sa'an nan ya tsaya shi kaɗai a ɗakin, ya yi taku ɗaya, katako ya yi kuka. Sai ya aro guduma.

Malam Habila na kwance ya ga silin ya tsage, fuskar Jatau ta leƙo. "Baba, sannu da hutawa. Wannan babban itacen ma yana ƙara, amma in na kama shi sai ya zama gari." Ya sa yatsa a gungumen da ke ɗauke da daɓen, yatsan ya nutse har ƙarshe. Gara ta cinye cikinsa, ta bar fenti. Kafintan da aka kira ya duba sauran gumaguman, ya ce ba za su kai ƙarshen damina ba. Malam Habila ya daɗe yana kallon inda matashin kansa yake, daidai ƙarƙashin gungumen.

Alhaji Sambo bai ƙara maganar kora ba. Aka rufe sama, 'yan haya suka watse ɗaya bayan ɗaya, ɗakunan ƙasa suka yi yawa. Waɗanda suka rage a gidan su ne: ni; Jatau da Larai, a ɗakin da mai ɗinki ta bari; Iya Kande; da Malam Habila, wanda yake aika wa Jatau shayi kowace safiya, yake kuma tambayata a ɓoye ko na san wanda ya kawo garar.