Ta'aziyyar da Na Kai wa Madam Hansen

Wata Baturiya 'yar Denmark, Madam Hansen, ta zo aikin jinya, ta kama ɗaki kusa da gidanmu a Zango. Ita ta kula da ni lokacin da na yi zazzaɓi, sai na ɗauke ta tamkar ƙanwata.

Wata safiya ina soya ƙosai na ji a rediyo cewa wani sanannen dattijo a ƙasarsu, mai suna Hansen, ya rasu. Na ce a raina, Hansen nawa ne a duniya? Ni da na gama sakandare, ban ga dalilin tambayar kowa ba. Na dafa waakye, wato shinkafa da wake, na tara matan layinmu, muka yafa mayafai muka tafi.

Na riƙe hannunta na ce da Turanci, "Allah ya ba ki haƙurin rashin Baba."

Ta zube ƙasa. Kukan da ta yi, har yau in na tuna sai na yi istigfari. Ta ɗauki waya ta kira gida. Baban da kansa ya ɗauka, lafiya ƙalau, yana ba karensa abinci.

Da ta natsu ta ce, "Hajiya, Hansen fa ma'anarsa ɗan Hans ne kawai. Muna da yawa, ba mu san juna ba."

Ta yafe min, har ta ci waakyen. Matan Zango dai ba su manta ba. Ko a can garin Tamale mai nisa aka ce wani Musa ya rasu, sai maƙwabciyata Rabi ta leƙo: "Mai sakandare, ɗora tukunya! 'Ya'yan Musan nan unguwar Krofrom ba su ji ba tukuna."