Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ta Sa Aka Rage wa Ɗalibai Maki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da 'yar guntuwar kunya, malamin ajin kwamfuta yake sanar da rasuwar tsohuwar kwamfutarsa da ɗalibai ke kira Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana tsakiyar harhaɗa kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta.

Shekara goma sha huɗu marigayiya ta yi a gindin allo. Mai haƙuri ce. Ba ta gaggawa, ko da an roƙe ta. Kullum da safe sai ta gaida malam da "tit!" ɗinta, sannan ta yi gyaran murya, "guuurrr".

Ciwon ajalinta ya fara ne da aikin ƙarshen zango. Ɗalibai tara ne, kowa da sashen da ya gyara a kanel ɗin. Duk sanda aka fara harhaɗawa sai Gwaggo ta yi nisa, ta sandare. Yau a sashen Doguwa, gobe a na Sarkin Barci. Malam mutum ne mai tsari: inda ta tsaya, mai wurin ne da laifi. A hankali, cikin lallashi, ya riƙa rage maki. Cikin mako uku ya kayar da ajin kaf, har da Shugabar Aji da ba ta taɓa faɗuwa ba, wadda ta yi kuka.

Da mai gyara ya buɗe gawar, sai ya tarar garin alli ya toshe fankarta, ya zama dunƙule. Zafi ne ke sumar da ita a duk inda ya riske ta. Aikin yara lafiya lau yake. Allin kuma na malam ne.

Ta rasu ta bar allon kallo guda, da madannai masu giɓi biyu, da linzamin kwamfuta da har yanzu bai san abin da ya faru ba.

Za a yi mata rakiya ranar Alhamis bayan tashi, daga aji zuwa ɗakin ajiya, inda za a kwantar da ita kusa da mijinta, firinta. Ana roƙon ɗalibai su yafe mata. Kowa ya zo da takardar sakamakonsa. Malam zai tsaya a bakin ƙofa da jan biro, yana karɓar gaisuwa yana mayar da maki.