Zanina a Hannun Gwaggon Biri

Ko da tsufa zai sa in riƙa rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi ja-in-ja da gwaggon biri a gaban surukina. Shekarun nan ne da wayar hannu ta fara shigowa Zuru, lokacin da sai mutum ya hau tudu yake jin mai kiransa.

Ɗiyata Rahila tana koyarwa a wata firamare cikin gari. Mijinta kuwa (ku yi mini haƙuri, ba zan rubuta sunansa ba, suruki ne) ya samu aiki a wani gandun namun daji can wajen Kainji, aikin raka baƙi su zaga daji da ƙafa. Amma aikin bai zauna ba tukuna, gwaji ake yi masa. An ce ogansa zai bi shi wata rana ya ga yadda yake tafiyar da baƙi, daga nan a san ko a riƙe shi ko a sallame shi. Ga shi ya daɗe yana zaman jiran aiki, ga Rahila da ƙaramin ciki.

Sai Rahila ta yi dabara. Ta tara wasu malamai abokan aikinta, ba su kai goma ba, suka shirya zuwa hutu a daidai ranar, don ya samu baƙi masu jin magana. Ta zo ta same ni ina tankaɗe.

"Mama, har da ke za a je. Ke ba ki da hayaniya, ba za ki ba shi wahala ba."

Na ce, "Ni da daji kuma? Ai a cikinsa na girma."

"Wannan daban ne, Mama. Kallo kawai ake yi."

Ban gane yadda za a shiga daji a yi kallo kawai ba, amma na ɗaure kayana. Muka bi ta Kontagora a ƙaramar bas, muka kwana a masaukin gandun.

Da safe surukina ya tsaya gabanmu cikin kakinsa kore, ogansa na gefe ya harɗe hannu, wani dogon dattijo mai furfura a gashin baki. Ni dai ƙasa nake kallo. Yaron nan shi ne ya yi mana golmo, wato noman da saurayi ke yi wa gidan surukai a ƙasarmu, kuma tun daga lokacin ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ya ce a bi layi, a rage murya, kada a yar da ko ledar ruwa. Ya ce kada a ba dabba abinci. Sannan ya maimaita har sau biyu cewa ba a ɗaukar komai a dajin nan, ko ganye, ko tsinke. Na ji shi sarai. A ƙofar shiga ma akwai allo, na tsaya na haɗa baƙaƙen da kaina kamar yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci, har ina jin daɗin na karanta ba a taya ni ba. Don haka ba zan ce ban sani ba.

Muka kama hanya. Shi yana gaba, oga na bin sa a kusa yana sauraron bayaninsa, malamai a tsakiya. Ni na koma can ƙarshen layi saboda kunya, don bai kamata in riƙa taka sawun suruki ba.

Gaskiya dajin ya yi kyau. Mun ga gwanki tsaye yana kallonmu kamar mu ne abin kallon, mun ga gada, mun ga inda dorina ta fito ta yi kiwo ta koma ruwa. Da aka zo hawan dutse malamai suka fara haki, wani mai suna Malam Ɗanjuma har yana riƙe gwiwa yana kiran sunan Allah. Ni ko a jikina, dutsen bai kai wanda muke hawa da tulu ba.

Matsalar ta fara ne da muka gangaro. Farkon damina ne, kaɗanya ta nuna. Sai ga mu ƙarƙashin wasu manyan itatuwa, 'ya'ya sun zubo sun rufe ƙasa, wasu har sun fara ruɓewa. Ku da ba ku san abin ba ba za ku gane ba. A garinmu tun duhun asuba mata ke fita tsintar kaɗanya, in kin makara sai ki tarar an share wuri tas. Ga ta nan kuma zube, ba mai so, mutane na takawa suna wucewa. Zuciyata ta ce, wannan ai asara ce. Ta ƙara cewa, ga Rahila za ta haihu, man kaɗe zai yi amfani.

Ɗaya na fara ɗauka, na ce ɗanɗanawa kawai zan yi. (Zaƙi kamar zuma, wannan kam ba zan ɓoye ba.) Daga nan ban san lokacin da hannuna ya koma aikinsa ba. In layi ya yi gaba sai in duƙa kamar ina gyara takalmi. Jakata ta cika. Sauran na ƙulle a haɓar zani, ƙulli ya yi kamar kan jariri, na rataya jakar a kansa na rufe.

Aka tsaya hutu a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse kusa da rafi. Birai na can sama suna leƙenmu. Surukina yana cikin bayani, murya a natse, oga na gyaɗa kai, Rahila sai murmushi take. Sai wani ƙaton gwaggon biri ya sauko. Ya wuce malamai ɗaya bayan ɗaya bai ko kalle su ba, ya nufo ni kai tsaye kamar an aiko shi.

Na ce masa a hankali, "Kai, tafi can." Ban so in ɗaga murya a ji.

Ya miƙa hannu ya cafki ƙullin. Ni kuma na cafke zanina.

Ya ja, na ja. Surukina ya taho da gudu da sanda a hannu, amma yana isowa ya ga zani ya fara kwancewa, sai ya yi cak, ya juya mini baya. Haka ya tsaya, fuska na kallon rafi, yana magana da iska.

"Mama, don Allah ki sakar masa!"

"In sakar masa me? Zanina ne!"

Wannan ce magana ta farko da na taɓa mayar masa da ƙarfi tun da ya auri ɗiyata.

Rahila tana ihu, "Mama, saki! Zai cije ki!" Ban saki ba, shi ne ya fi ni ƙarfi. Ya fizge zanin gaba ɗaya ya haye dutse da shi, ya sa haƙori ya yage ƙullin. Kaɗanya ta watse tana gangarowa har gaban takalmin oga, sauran birai suka sauko wawaso. Ni kuma ga ni tsaye cikin fatari, tsohon nan da na yi wa faci da ƙyallen wani zani daban. Malamai maza duk suka ga abin kallo a sararin sama. (Malam Ɗanjuma yana da kyamara, amma ya ƙarar da fim ɗinsa a kan gwanki. Allah ya saka wa gwankin nan da alheri.) Rahila ta cire mayafinta ta ɗaura mini.

Oga ya kori biran da tsawa ɗaya. Ya duƙa ya ɗauki kaɗanya guda, ya juya ta a hannu, ya dubi surukina.

"Ba ka faɗa musu doka ba?"

"Na faɗa, Oga."

"Tun da muka taso ka waiwaya ka duba ƙarshen layinka?"

"Ban duba ba, Oga."

"Dabba ta kama baƙuwa, ka zo ka juya baya. Haka aka koya maka?"

Surukina ya sunkuyar da kai. Na ga aikin yaron nan yana zubewa a gabana, kuma ni na zubar. Rahila ta ce da ƙaramar murya, "Ranka ya daɗe, surukarsa ce. Mamata ce."

Ban jira ba, na je na durƙusa gaban oga, na buɗe jakata na ajiye. Ba wanda ya san da ta ciki sai lokacin.

Oga ya ce, "Har da wannan kuma?"

Na ce, "Har da ita, ranka ya daɗe. Ya faɗa, na ji, kuma na karanta a allo. Hannuna ne bai ji ba. Laifin nawa ne, kada a ɗora masa."

Na ga gashin bakinsa yana rawa, yana danne dariya. Ya ce, "Tashi, Mama, uwa ba ta durƙusa wa ɗa." Da na tashi sai ya daina murmushi. Ya ce kaɗanyar nan abincin dabbobin ce, ita suke jira duk shekara kamar yadda muke jira. Ya ce kuma birin da ya koyi cewa akwai abinci a jikin mutum ba ya dainawa, gobe yaro zai kama, ƙarshenta sai dai a harbe shi. Wannan maganar ta fi fizge zanin yi mini ciwo, don ban taɓa tunanin tsintuwata za ta iya jawo wa wani rai harsashi ba.

A hanyar komawa oga ya sa surukina ya tsaya a kaina har na juye jakar ƙarƙashin itatuwan. Ya tsaya ɗin, yana kallon takalminsa, yana cewa, "Sannu, Mama. A ƙara zazzagewa, Mama."

Ba a sallame shi ba, amma ba a tabbatar masa da aikin ranar ba. Aka ƙara masa gwaji har bayan damina. Watannin nan ban ji daɗin tuwo ba. Sai da Rahila ta haihu da 'yan kwanaki aka ce aikin ya zauna daram, sannan na samu barci mai nauyi.

Daga baya na ji wai oga ya sa ana ba kowane rukunin baƙi labarin "wata mata daga wani gari" kafin a shiga daji, kuma surukina ne ke bayarwa da bakinsa. Ni da shi ba mu taɓa tada zancen ba. Yakan zo ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango, shi ke nan.

Abin da na koya dai, ba duk abin da ya faɗi ƙasa ne ya rasa mai shi ba. Sannan in za ki je wurin aikin suruki, ki riƙe hannunki a baya, kuma ko ba komai ki sa fatarinki mai kyau.