Rasuwar 'Yar Tsatsa, Motar Filin Jirgi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fargabar da na kasa ɓoyewa, ni Bawa direba na tashar Isa nike sanar da rasuwar motata, 'Yar Tsatsa, wadda ta cika ranar Litinin da hantsi kusa da Tozai. Ta yi tari sau uku, gyaf, gyaf, gyaf, ta saki baƙin hayaƙi, shi ke nan. Kalilu bakanike ya buɗe injin, ya rufe, ya cire hularsa.

Shekara goma sha tara marigayiya tana kai mutanen Isa da Sabon Birni filin jirgin Sakkwato. Allah ya sani ba ta da kyau. Ƙofa ɗaya da igiya anka ɗaure ta, fenti ya daɗe da barin jikinta, ƙararta kuwa takan riga ta shiga gari. To, munin nan shi ne alherinta. 'Yan bindiga kan leƙo daga daji, su gan ta, su koma inuwa. Wa zai zaci akwai maniyyaci cikin wannan gwangwani? Alhazai masu sababbin motoci kan aje su gida, su sa tsohuwar riga, su matsu tsakanin buhunan gero, fasfo a cikin hula. Ba a taɓa tare ta ba, ko sau ɗaya.

Ta bar ni. Ta bar Hafizullahi mai ɗora kaya a filin jirgi, wanda in ba ita ba, ba ya zuwa ganin gida. Ta bar mahaifiyata, Inna Sadiƙa, wadda jirginta na Umra zai tashi ranar Alhamis, ta kuma rantse ba ta fasawa. Motar da munka samu aro ta maƙwabcina ce, Alhaji Maliki, fara fat, tana sheƙi, ana hango ta tun daga nesa. Ni za ni tuƙa. Wallahi tsoro nike ji.

Za a ja gawar zuwa bayan tasha ranar Laraba bayan la'asar. Masu ta'aziyya kada su kawo goro. A zo da laka, da tsumma, da igiya, da guduma, don mu tsufar da farar kafin gari ya waye. Alhaji Maliki ya yarda, in dai ba a gabansa za a yi ba. Abin da munka rasa dabararsa shi ne murya. Mutanen dajin sun san tarin marigayiya, ita kuwa wannan shiru take tafiya.

Allah ya kai Inna.