Ranar da Na Ɗaure Ƙanƙara a Cikina

Ko shekara ɗari zan yi a duniya, ba zan taɓa mantawa da bikin aminiyata Rahma ba. Ba don kyan amarya ba, ba don daɗin alkaki ba. Don abin kunyar da na tafka ne, wanda har yau in na tuna sai in rufe fuska ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Saura wata guda biki aka karɓo mana anko daga wurin tela. Na shiga ɗaki na zura rigar, sai zif ya tsaya cak a tsakiyar baya, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na riƙe numfashi har idona ya fara ganin duhu, ko gezau. Gaskiyar magana, tsakanin ranar awo da ranar karɓa na yi wa soyayyen kifin bakin gada adalci fiye da kima. Ga shi ni ce babbar ƙawa. In koma shagon tela, inda 'yan matan unguwarmu ke cika maƙil, in buɗe baki in ce na ƙara ƙiba? Girman kaina ya ce sam.

Ana cikin haka na ci karo da bidiyon wata mata a waya tana rantsuwa cewa sanyi na narkar da teɓa. Wai a ɗaure ƙanƙara a ciki, kitse ya gudu. (Ku sani fa, malamar kimiyya ce ni a wata sakandare a nan Wudil. Ni ce mai tsayawa gaban allo ina faɗa wa ɗalibai cewa zafi ke narkar da mai. Amma a ranar sai na baro ilimin a makaranta.)

Bazara ake yi. Kullum in na taso aiki sai in biya gidan maƙwabciyarmu mai firiza in sayo ƙanƙara ƙulli huɗu, in ce wa Umma zoɓo zan sanyaya. In kulle ɗaki, in ɗora biyu a ciki, biyu a cinyoyi, in tamke da ɗankwali, in kwanta. Umma na tsakar gida tana fifita tana kukan zafi, ni ina ciki haƙorana na kaɗawa. Kwana biyar ina wannan hauka.

A wannan satin ne Rahma ta ja ni wurin Baba Uwani, dattijuwar da ke yi wa amaren garinmu dilka da gyaran jiki. 'Yar Kausani ce, mijinta ya rasu, da wannan sana'a take riƙe da jikokinta marayu. Ta murje ni tas, ta sa mini albarka, muka taho.

Washegari na tashi na ga abin da ya sa na yi salati da ƙarfi. Wasu ƙullutai ne jajaye a cikina da cinyoyina, masu tauri kamar an cusa mini goriba a ƙarƙashin fata, ga zafi ko zani ne ya goge su. Umma ta shigo a guje, ta gani ta dafe ƙirji, ta tambaye ni me na shafa. Nan ne fa na yi abin da ya fi ƙanƙarar muni. Na sunkuyar da kai na ce, "Dilka dai aka yi mini jiya." Ban yi ƙarya ba, amma Allah ya sani munafunci ne tsagwaronsa.

Umma ba ta da wasa a kan 'ya'yanta. Ta yafa mayafi ta fita, kafin la'asar unguwa ta ɗauka wai Baba Uwani na zuba man bilicin a dilkarta. Amare biyu suka fasa zuwa wurinta, ɗaya har daga Utai. Mahaifiyar Rahma ma ta hana ta komawa. Ina kwance ina jin komai, hankalina a tashe, kullum ina cewa gobe zan faɗi gaskiya, goben ta ƙi zuwa.

A rana ta uku sai ga Baba Uwani da kanta, riƙe da robar dilkarta, idonta jajur. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce wa Umma tun kafin a haife ni take wannan sana'a, don haka a tafi asibiti a duba kayanta, in an sami mugun abu a ciki ta bar dilka har abada. Haka muka shiga a-daidaita-sahu mu uku, ni a tsakiya.

Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ata ba. Ta duba, ta lallatsa, ta buɗe robar ta shinshina, sannan ta tambayi ina da ina aka shafa. Baba Uwani ta ce tun daga wuya har tafin ƙafa. Likita ta ce to abin mamaki ne a shafe jiki duka amma ciwo ya zaɓi wuri huɗu kacal, kuma a jere kamar an auna. Ta yi mana bayani cewa saman fatar lafiya lau yake, kitsen da ke ƙarƙashinta ne ya kumbura, kuma abubuwa da dama na jawo haka. Sai ta juyo ta dube ni.

"Malama, kin ɗora wani abu mai tsananin sanyi a wuraren nan?"

Umma ce ta fara ganewa. Ta juyo a hankali, baki buɗe, ta ce, "Ke! Zoɓon nan da ban taɓa ganin ko kofi ɗaya ba?"

Na fashe da kuka na zayyana komai, har ɗankwalin. Likita ta juya baya kamar tana neman biro, amma ina ganin kafaɗunta na rawa. Ta rubuta mini maganin rage zafi, ta ce ƙullutan za su baje da kansu cikin 'yan makonni, in dai na rabu da ƙanƙara. Umma kuwa, da girmanta, durƙusawa ta yi gaban Baba Uwani tana ba ta haƙuri. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Hukuncin Umma bai da ɗaukaka ƙara. Duk gidan da labarin bilicin ya kai, sai da na taka da ƙafata na faɗi abin da na yi da bakina, har Utai. Wasu suka yi tir, wasu suka yi dariya har da hawaye. Amaren dai suka koma.

Da na je neman gafarar Baba Uwani, kallona kawai ta yi ta ce, "'Yar nan, duk a kan riga?" Ta sa na kawo mata rigar, ta juya cikinta waje, ta nuna mini. Ashe tela ya bar yadi a ciki, faɗin yatsa uku kowane gefe. Ta ce, "Wane tela ne zai yi wa 'yar Wudil ɗinki bai bar mata wurin kifi ba?" Ta ɗauko reza da allura, kafin ruwan shayinta ya tafasa zif ya haye sumul.

Ranar biki kuma ban iya saka ta ba, don ko iska ta taɓa ƙullutan sai na cije baki. Babbar ƙawa guda, a ƙatuwar abaya na ƙare, can baya kusa da masu rabon abinci. Ɗalibaina har gobe Malama Ƙanƙara suke ce mini a ɓoye, kuma ba ni da bakin hana su.

Abin da na koya shi ne, in riga ta matse ki, juya cikinta ki duba kafin ki taɓa naki cikin. In kuma kin riga kin tafka wauta, ki faɗa tun Ummarki ba ta ɗauki mayafi ba.