Amurka Mai Shayin Karak

Wani ne a nan unguwar Najma, a ƙasar Qatar. Kar ku tambaye ni sunansa, don shi da bakinsa ya ce a canja masa, kuma har yau ba a yanka ragon ba.

Gadi yake yi. Shekara uku cur yana tsaye a wata ƙofa da ake ce wa ƙofa ta bakwai, a bayan wasu manyan gine-gine can gefen gari. Motar kamfani ce take kwasarsu da safe. Yana shiga sai barci, sai an zungure shi an ce "yalla", wato tashi mu je da Larabci, ya buɗe ido ya gan shi a bakin aiki. Aikin kuwa ɗaga sanda ne. Mota ta zo ya ɗaga, ta wuce ya sauke. In ka tambaye shi me ake yi a cikin ginin, sai ya ce, "Ni ƙofa aka ba ni, ba a ba ni gini ba."

To lokacin korona, da aka kulle gari, motocin ma suka daina zuwa. Ya zama daga shi sai takunkumi sai waya. Ran nan yana latse-latse ya ci karo da bidiyon wata jami'a a Amurka. Ɗalibai kwance a kan ciyawa da rana tsaka, kowa ya yi matashi da littafi. Ba mai ce musu yalla. Wallahi abin ya tsaya masa a rai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Ya dawo ɗaki ya samu Mutala, abokin kwanansa, wanda korona ta raba da aikin otal, yake zaune ba aikin fari. Shi Mutala ya iya Turanci.

Ya ce, "Mutala, Amurka zan tafi karatu."

Mutala ya ce, "Masha Allah. Me za ka karanta?"

"Duk abin da suke karantawa a kwance ɗin nan."

"To wace jami'a?"

"Ni ba ruwana da jami'a. Gari nake so mai daɗin zama. Karanto min garuruwan."

Mutala ya ɗauki waya ya fara. "Akwai Yuta."

"Wuta? A'uzu billahi! Ina gudun rana za ka kai ni wuta?"

"Yuta na ce."

"Na ji. Haka ake fara lallaɓa mutum. Wuce."

"Dakota."

"Dako? In bar gadi in koma dako? Kai anya kana ƙaunata?"

"Alabama."

"Allah ba mu? To su ma nema suke. Wuce."

"Ayowa."

Nan fa ya miƙe tsaye. Ya ce, "Shekara uku mudir, shugabanmu na wurin aiki, na magana ina cewa aiwa, aiwa, wato to, to. Yanzu kuma in je garin da sunansa ma aiwa? Ai sai wuyana ya sauke don gyaɗa kai."

Mutala ya share gumi ya ce, "To ga wata, Arizona. Hamada ce kamar nan, ba sanyi."

"Zafinta nawa?"

"Sun rubuta ɗari da goma."

Mutumin ya dafe ƙirji. "Ɗari da goma! A nan arba'in da biyar aka yi, takalmina ya manne da kwalta. Su can mutane ne ko balangu?"

"Ma'auninsu ne daban da namu."

"Ma'auninsu daban, amma ai fatata ɗaya ce."

Haka suka yi ta yi. Korona ta lafa, aka buɗe gari, aka cire takunkumi, shi bai zaɓi gari ba. Wannan ƙanƙara ta yi yawa. Wancan an ce karnuka a gado suke kwana. Akwai wanda ya kusa yarda da shi saboda sunan ya fara da masa, sai ya ga hoton mutum yana tono motarsa da shebur daga cikin ƙanƙara, ya ce su riƙe masarsu.

Da gasar kofin duniya da za a yi a nan Qatar ta matso, Mutala ya gaji. Ya samo wani shafi da ake rubuta irin rayuwar da mutum yake so, shi kuma ya fito maka da jami'ar da ta dace. Ya ce, "Malam, yau za a yi ta ta ƙare. Faɗi sharuɗɗanka."

Mutumin ya gyara zama. "Ban da ƙanƙara."

"Na sa."

"Masallaci kusa, wanda zan ji kiran salla daga aji."

"Na sa."

"Naman yanka. Hutun Juma'a. Hausawan da zan yi hira da su. Sannan shayin karak a kowace kwana, don in ban sha ba kaina sarawa yake."

"A Amurkan?"

"Kai dai sa."

Mutala ya danna. Abu ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, can sai ga jami'a ɗaya tilo ta fito. Jami'ar Amurka ce ta gaske, da tutarta da komai, har da wani ɗan kwas na wata shida da ya yi daidai da shi. Mutala ya karanta adireshin. Ya ɗago ya dubi mutumin. Ya sake karantawa. Sai ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya sanya alheri. Af, in ka tafi, wa za a ba gurbinka?"

"Kai mana! Ni me zan yi da shi?"

Aka cike takardu aka tura. Ba a yi sati uku ba sai ga waya. Wata baturiya ce, ya sa a lasifika Mutala yana fassara. Ta ce an ɗauke shi, ya zo ranar Litinin ya yi rajista.

Ya ce, "Tambaye ta biza."

Mutala ya tambaya, ya juyo ya ce, "Ta ce tunda kana da katin zama na Qatar, ba ka buƙatar biza."

"Allahu akbar! Ka ga darajar kati? To jirgi fa?"

"Ta ce ka je tashar Mushairib ka hau jirgin ƙasa, koren layi. Ga sunan tashar da za ka sauka."

Mutumin ya girgiza kai. "Kai, Larabawan nan ba dai ƙoƙari ba. Saboda ƙwallo kawai suka haƙa rami har Amurka?"

Mutala ya ce, "Ai ka san su."

Nan take ya kira matarsa Zalihatu a Gusau. Kafin la'asar duk layinsu sun sani, har an fara ce mata matar ɗan Amurka. Washegari ya shiga ofishin kamfani ba ko sallama. Ya dire hula da usur a kan teburin mudir ya ce, "Khalas! Na bar aiki!"

Mudir ya ce, "Ya akhi, yanzu? Ana gab da fara ƙwallo, muna neman mutane? In ka fita fa ba dawowa."

Ya ce, "Dawowa? In ƙafata ta sake taka ƙofa ta bakwai, a canja min suna! Ga Mutala nan a waje, ku ba shi."

Ranar Litinin ya haɗa kaya. Akwati biyu, kilishi, yaji, garin kunu, bargo, har da buta ko da ta kwana. Ya zumbula wata jibgegiyar rigar sanyi, ya ce ai sai an ratsa ƙasashen ƙanƙara kafin a isa. 'Yan ɗaki suka rako shi bakin titi, yana ta yafe musu laifukan da ba su san sun yi ba. Mutala kaɗai ne babu, an ce ya fita aiki tun safe.

A Mushairib ya shiga koren layi. Ashe ran nan Amurka ke da wasa, jirgin maƙil da turawa, sun shafa fenti a fuska, sun yafa tuta, suna ta ihu. Mutumin ya yi murmushi ya ce a ransa, to, ga 'yan gari ma za su koma gida. Ya samu kujera, ya cire takalmi, ya shimfiɗa bargo a cinya, ya kunce kilishi. Ya yi addu'ar tafiya. Ya yi niyyar kasaru.

Bai gama tauna yanka na biyu ba ya ji an kira sunan tasharsa.

Ya dubi agogo. Minti ashirin ma bai cika ba. Ya ce, "Tabɗi! Shi ya sa ba su sa banɗaki ba."

Ya jawo akwatuna ya fito. Rana ta dake shi a ka. Ya duba dama, bishiyar dabino. Ya duba hagu, wani Ba'indiye yana miƙa wa mai mota kofin karak. Yana cikin haka sai aka kwaɗa kiran azahar. Idonsa ya ciko da hawaye. Ya ce, "Wallahi na iya zaɓe."

Ya tare wani ɗan Kano mai rigar gadi. "Salamu alaikum! Ashe har nan kun iso? Shekararka nawa a ƙasar nan?"

"Biyar."

"Ka ga masu sa'a! Ni yau na sauka."

Ya nuna masa takarda. Ɗan Kanon ya ce, "Babbar ƙofa a rufe take saboda ƙwallo. Bi katangar nan ka zagaya baya."

Ya bi katanga, gumi na tsiyaya ta cikin rigar sanyi. Yana tafe yana cewa katangar nan kamar na santa. Ya ƙara gaba. Kwandon sharar nan ma kamar na san shi. Ya ce ai turawa ne, komai suka gani sai sun kwaikwaya. Ya sha kwana sai ga sanda mai ja da fari. Ga kujerar roba mai karyayyar ƙafa, da igiyar da shi da hannunsa ya ɗaure ta. Ga lamba bakwai ɓaro-ɓaro a jikin bango. Ga kuma mutum zaune, da hularsa a kai, da usurinsa a wuya.

Akwatunan suka suɓuce. Wayarsa ta hau ƙara a aljihu, Zalihatu ce, tana son jin ko an sauka lafiya. Ya dubi mai hular.

"Mutala... nan ina ne?"

Mutala ya miƙe a natse, ya ɗaga masa sanda har sama, ya miƙo hannu biyu.

"Maraba da mutanen nesa! Sannu da zuwa Amurka. Ya ka baro mu?"